Barci Ne Ya Ceci Sauran

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi
yana yanka tikiti a taragon birnin Porto,
mai bin gaɓar Douro har bakin teku.
Da ya rasu, gadon bai cika aljihun tebur ba:
agogo mai tsayawa in sanyi ya yi,
da gwangwanin kifi cike da tsofaffin sulalla,
wasu baƙi ƙirin, wasu kore kamar bayan kwaɗo.

Daren Laraba na zauna a kicin,
na yanka lemun tsami, na barbaɗa gishiri,
na zaɓi babban cikinsu na dirje shi
yadda uwata ke dirje gindin tukunya.
Sai ga shi ja wur, yana ɗaukar ido.
Na ce, Baba, yau an wanke maka fuska.
Barci ne ya ceci sauran.

Da safe ana yayyafi a Titin Almada.
Shago kamar akwatin ashana,
tsoho Albano Meireles da gilashi a ido ɗaya.
Ya kama sulen ta gefe da yatsu biyu
kamar mai ɗaukar ƙwan tattabara.
Ya daɗe bai ce uffan ba.

"Ondina, ba datti kika cire ba.
Fata kika feɗe.
Tagulla kan shekara ɗari tana saƙa wa kanta riga,
zare ɗaya a kowane hunturu,
ke kin tuɓe ta kafin shayi ya huce.
Leƙa nan."
Na leƙa. Kumatun sarkin duk zane,
kamar inda kaza ta yi tono,
haruffan sun lanƙwame
kamar sabulun da ya kwana a ruwa.
"Jiya ya isa kuɗin hayar wata.
Yau gahawa kofi biyu, in na yi kara."

Na ce, to, sai a zuba musu ido har abada?

"Ba duka ba." Ya tono wani daga ƙasa,
mai garin kore fari-fari a kunne.
"Wannan ba riga ba ce, cuta ce, ci take kamar gara.
Shi za a jiƙa a tataccen ruwa,
a sauya ruwan, a sake sauyawa,
a taɓa da tsinken katako, ban da allura,
a busar da shi ƙayau, a raba shi da 'yan'uwansa.
In ƙasa ce ta manne, ruwa da haƙuri.
In launi ne, sa hannunki a aljihu."

Sai ya juya wani na azurfa, ya ja tsaki.
A tsakiyarsa shatin babban yatsa,
zagaye cikin zagaye, launin toka.
"Gumin wani ne, shekaru suka gasa shi ciki.
Masu saye kan rage kuɗi saboda wannan."

Na karɓi gilashin.
Wani layi ya ratsa zagayen a karkace,
inda ƙofar tarago ta taɓa datse shi
shekarar da na shiga makaranta.
Na san tabon. Yakan kaye ni a kunci
in yana share mini hawaye.

Da ban yi barci ba a daren,
shi ne na biyu a layi.

Ban sayar da ko ɗaya ba.
Albano ya nannaɗe kowanne a takarda,
ya miƙo mini jan a tafin hannu, tsirara.
"Ajiye shi bakin taga, ki manta da shi.
Nan da shekara sittin zai soma sabuwar riga.
Ni ba zan gani ba. Ke ma da ƙyar."

Na hau tarago zuwa gida, gwangwani a cinya.
Rabin lemun yana nan kan tebur, ya fara yanƙwanewa.
Na matse shi a kan kifin dare.